Filin Tambaya da Amsa: Rini Mai Ƙyalli da Yadda Ake Haɗa Shi

Wasiƙun wannan karon sun fi karkata kan rinin da ke shan haske kala ɗaya ya mayar da wani kala daban, irin su fulorasin da rodamin da kumarin. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. An koya mana cewa fulorasin da finolftalin duk daga fitalik anhaidiraid ake haɗa su, kuma zanen ƙwayoyinsu ya yi kama sosai. To me ya sa fulorasin ke ƙyalli kore shar, finolftalin kuwa sai dai ya yi ja kawai? *Daga wata ɗalibar kimiyyar sinadarai*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin taɓo gindin maganar, domin duk sauran amsoshin yau a kan wannan za su tsaya.

Idan ƙwayar rini ta sha haske, elekturon ɗinta ɗaya yakan hau mataki na sama. Nan take ƙwayar ke zubar da ɗan kaɗan daga ƙarfin da ta sha ta hanyar girgiza, sannan ta ɗan dakata. A fulorasin wannan dakatawa kimanin kashi 4 cikin biliyan na sakan ɗaya ce. Daga nan hanya biyu ce a gabanta: ko ta saki sauran ƙarfin a matsayin haske, ko ta ƙarar da shi a matsayin zafi ta hanyar juyi da lanƙwasa. Wadda ta fi sauri ita ke cin nasara. Saboda ƙarfin da aka riga aka zubar, hasken da ke fitowa kullum ya fi wanda ya shiga tsawon zango: fulorasin na shan shuɗi a wajen nanomita 490 (da nanomita ake auna tsawon zangon haske), ya fitar da kore a wajen 515. George Stokes ne ya bayyana wannan tazara a 1852, shi ya sa ake kiranta da sunansa.

Adolf von Baeyer ne ya haɗa rinin nan biyu a 1871. A finolftalin an yi amfani da finol, wanda ke da rukunin OH ɗaya (wato oksijin haɗe da haidirojin), don haka zoben benzin ɗinsa suna rataye ne kawai a jikin kabon na tsakiya, suna juyawa yadda suka ga dama, ƙarfin duk ya tsiyaye ya zama zafi. A fulorasin kuwa resosinol aka sa, mai OH biyu. OH ɗaya daga wannan zobe da ɗaya daga wancan sai su haɗu, ruwa ya fita, a bar gadar oksijin da ta ɗaure zoben biyu suka zama faranti ɗaya mai zobe uku, wanda ake kira zantin. Kamar fatar ganga ce: in an ɗaure ta tam sai ta yi amo, in ta saki sai ta shanye dukan. Da wannan gada ɗaya tak, fulorasin a cikin ruwan alkali yakan mayar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na hasken da ya sha.

Tambaya: Malam, ina koyar da ɗalibai aikin ɗakin gwaji. Ina son cikakken bayanin yadda ake haɗa fulorasin, da ma'aunin kowane abu. *Daga wani malamin kimiyya*

Amsa: Malam, ga hanyar da aka daɗe ana bi. Ƙa'idar ita ce ƙwayar fitalik anhaidiraid ɗaya ga ƙwayar resosinol biyu. A auna giram 15 na fitalik anhaidiraid da giram 22 na resosinol, wato mol 0.1 da mol 0.2. A niƙa su tare a turmin gwaji har su gauraya sosai, a zuba a kwalbar gilashi mai faɗin gindi ta mililita 500. A tsoma kwalbar cikin kwanon mai mai zafi, kada a ɗora ta kai tsaye kan harshen wuta. Bakin ma'aunin zafi ya kasance cikin haɗin kansa, ba cikin man ba, domin man yakan fi cikin kwalbar zafi.

Resosinol zai narke a digiri 110 na Selshiyas, fitalik anhaidiraid a 131. A ci gaba da ɗaga zafin a hankali zuwa 180. Ana cikin haka sai a auna giram 7 na busasshen zinki kulorayid, a niƙa shi da hanzari, a rufe shi a kwalba mai murfi, domin yana zuƙar danshin iska cikin 'yan mintoci. Da haɗin ya kai 180 sai a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan ana motsawa da sandar gilashi. Aikin zinki kulorayid shi ne ya kama oksijin ɗin anhaidiraid, ya sa kabon ɗin da ke jikinsa ya yi kwaɗayin elekturon har ya iya kama zoben resosinol, sannan ya taimaka wajen fitar da ƙwayoyin ruwa biyu. A riƙe zafin a 180, ana motsawa duk bayan minti biyu ko uku. Launin zai tashi daga rawaya zuwa ja mai duhu, haɗin ya yi ta kauri har sanda ta kasa juyawa. Wannan kan ɗauki minti 45 zuwa 90, kuma kaurin ne alamar an gama, ba agogo ba.

A bari ya huce zuwa wajen digiri 90, sannan a zuba ruwa mililita 200 da ɗanyen haidirokulorik asid, wato wanda ba a tsarma ba, mililita 10. Kada a zuba ruwa yana kan 180, zai yi tsartuwa, kwalbar ma tana iya fashewa. A tafasa ana farfasa dunƙulen har gishirin zinki da ragowar resosinol su narke. A tace, a wanke garin da ruwa, a busar a digiri 100. Lissafi ya nuna iyakar abin da za a iya samu giram 33 ne, kuma aiki mai kyau yakan ba da kusan 30 na ɗanyen rini.

Don tsarkake shi, a narkar da garin a ruwan sodiyam haidiroksayid mai rauni, a tace dattin da bai narke ba, sannan a ɗiga asid har rinin ya sake kwantawa. In ana son tsarki na gaske, a dafa shi da asetik anhaidiraid ya koma fulorasin dai'asitet, wanda ba shi da launi kuma yana kwantawa da ƙwayoyi masu kyau daga etanol, sannan a mayar da shi fulorasin da alkali.

Ga ɗalibai mun fi son ƙaramin ma'auni: giram 0.2 na anhaidiraid, giram 0.3 na resosinol, da ɗigo shida na salfurik asid mai ƙarfin mola 2, a bututun gwaji, minti 30 tsakanin digiri 180 da 200. A yi aikin a akwatin zuƙe hayaƙi, da tabarau da safar hannu, domin tururin fitalik anhaidiraid na ƙona ido da maƙogwaro. Kuma a faɗa wa ɗalibai ƙarara cewa abin da suka haɗa ba ya zuwa kusa da ido ko fata. Fulorasin da likitocin ido ke amfani da shi an tsarkake shi ne ta ƙa'idar magunguna.

Tambaya: Na bi irin wannan hanya da salfurik asid, amma abin da na samu baƙin ƙulli ne kamar kwalta. Da na ɗiga kaɗan a alkali ya yi ƙyalli. Shin na yi nasara ke nan? *Daga wani mai aikin ɗakin gwaji*

Amsa: Ɗan'uwa, ƙyallin ba hujja ba ne. Ido na ganin fulorasin ko da ɗigonsa ne a cikin datti mai yawa, don haka haɗin da kashi 5 ne kawai ya yi kyau zai haska kusan kamar wanda ya yi kyau duka. Ka gwada a farantin silika na kuromatogirafi: rini mai tsarki tabo ɗaya yake bayarwa, gurɓatacce kuwa yakan bar baƙin tabo a wurin farawa da dogon jela a bayansa.

Babban abin zargi shi ne zafi haɗe da yawan asid. Ɗanyen salfurik asid a sama da digiri 200 yana ƙona resosinol, yana liƙa rukunin salfonik a zoben, yana kuma haɗa ƙwayoyin resosinol da junansu su zama gam. Ɗigo kaɗan ake buƙata, ba mililita ba. Harshen wuta kai tsaye kuma yakan sa gindin bututu ya zarce 250 alhali samansa bai kai 180 ba.

Sai ka duba wuyan kwalbarka. In ka ga fararen allurai sun taru, fitalik anhaidiraid ne ya tashi ya daskare a can, ya bar resosinol ya yi yawa a ƙasa. A kankare su a mayar ciki, ko a ƙara ɗan anhaidiraid tun farko. Kayan da suka tsufa ma suna ɓata aiki. Anhaidiraid da ya sha danshi ya koma fitalik asid, za ka gane shi in ya ƙi narkewa a 131. Resosinol da ya koma ruwan hoda ya sha iska da haske, launinsa zai bi rinin har ƙarshe.

In kana da metansalfonik asid, ka huta da duk wannan: narkar da kayan biyu a cikinsa, riƙe a digiri 80 zuwa 85 na kwana ɗaya ko biyu, sannan ka juye cikin ruwan ƙanƙara ka tace. Ya fi jinkiri, amma a ganinmu ya fi tsabta nesa ba kusa ba.

Tambaya: Na ƙara yawan rini a ruwa don ƙyallin ya ƙaru, sai ya ragu, ruwan ya koma ja-ja, gefen kwalba kawai ke kore. Wani lokaci kuma ɗigon asid ke kashe shi baki ɗaya. *Daga wata mai bincike*

Amsa: Malama, abubuwa biyu ne daban. Na farko, in rini ya yi yawa, ƙwayoyin da ke bakin gilashi sukan shanye hasken duka kafin ya shiga ciki, shi ne koren da kike gani a gefe. Ƙari a kan haka, tazarar da ke tsakanin 490 da 515 ƙarama ce, don haka hasken da wata ƙwaya ta fitar maƙwabciyarta na iya sake shanye shi. In yawan ya haura wajen milimola ɗaya, ƙwayoyin da suke shimfiɗaɗɗu sukan kwanta kan juna bibbiyu, kuma irin wannan tagwaye ba sa fitar da haske. Shi ya sa busasshen garin fulorasin ja ne kawai, ba ya ƙyalli. In aunawa za ki yi da na'ura, ki tsarma har shan haskensa ya sauka ƙasa da 0.1 a bututun santimita ɗaya. Ƙarfin rinin nan a tsarme yake: a 1877 Adolf Knop ya zuba kilo 10 na fulorasin a inda kogin Danub ke nutsewa ƙarƙashin ƙasa a kudancin Jamus, bayan kimanin awa 60 koren ya ɓullo a maɓuɓɓugar Aach.

Na biyu, batun asid. Siffar fulorasin mai ƙyalli sosai ita ce wadda ta saki haidirojin biyu. Rabin ƙwayoyin sukan karɓi haidirojin ɗaya a pH 6.4 (pH ma'aunin asid ne, yana sauka in asid ya ƙaru), kuma wannan siffa ba ta sha haske sosai a 490, abin da take mayarwa ma bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. In asid ya ƙaru, rukunin kaboksil ya lanƙwaso ya kama kabon na tsakiya, ya rufe zobe, ya yanke hanyar elekturon tsakanin ɓangarorin biyu, launin ma ya dushe. Ki riƙe pH a 8 zuwa 9. In dole aikinki a pH 5 ko 6 yake, nemi fulorasin da aka sa wa fulorin biyu, wanda ake sayarwa da sunan Oregon Green, shi rabin ƙwayoyinsa ba sa karɓar haidirojin sai pH ya sauka zuwa wajen 4.7. Ki kuma guji gishirin ayodayid a cikin ruwan, yana kashe ƙyalli, sannan ki adana kwalbar a duhu, domin hasken da ya daɗe yana lalata rinin ta hanyar oksijin.

Tambaya: Yaya ake sauya kalar ƙyallin daga kore zuwa ruwan lemo ko ja? *Daga wani ɗalibin digiri na biyu*

Amsa: Ɗan'uwa, duk abin da ya rage tazarar da elekturon zai tsallaka yana tura launi zuwa ja. Hanya mafi sauƙi ita ce musanya oksijin na gefe biyu da naitirojin, wanda ya fi sakin elekturon. A maimakon resosinol sai a sa 3-dai'etil'aminofinol, biyu ga anhaidiraid ɗaya, a narka a wajen digiri 175. Abin da ke fitowa shi ne rodamin B, wanda Maurice Ceresole ya haɗa a 1887. Yana shan haske a wajen 550, ya fitar a wajen 575, kuma bai damu da pH kamar fulorasin ba. Aminofinol na saurin baƙi a iska, don haka ana so a yi aikin ƙarƙashin iskar naitirojin.

Rodamin B na da rauni ɗaya da ke komawa ga amsarmu ta farko: rukunin amino na gefe yana iya juyawa, don haka ƙyallinsa na raguwa in ruwa ya yi ɗumi, har ana amfani da shi wajen auna zafi a ƙananan bututu. A rodamin 101 an ɗaure naitirojin ɗin cikin zobe, ƙyallinsa ya kusan cika ɗari bisa ɗari kuma zafi bai cika taɓa shi ba. A 2015 Luke Lavis da abokan aikinsa a cibiyar Janelia ta Amurka sun nuna cewa rufe naitirojin ɗin cikin ƙaramin zobe mai kusurwa huɗu, azetidin, ya ɗaga ƙyallin wani rodamin mai suna tetirametilrodamin daga kashi 41 zuwa 88. Ƙarin kabon biyu ne kacal. In kuma aka cire gadar oksijin ta tsakiya aka sa silikon mai metil biyu, launin ya matsa kusan nanomita 100, zuwa wajen 650.

Akwai hanyar da ke da tsada a wajen haske. In aka ɗiga buromin cikin fulorasin a etanol, huɗu ga ɗaya, sai a sami eyosin, wanda Heinrich Caro ya haɗa a 1873. Launin ya matsa kaɗan, amma atom mai nauyi yana karkatar da elekturon zuwa wani matakin da ba ya fitar da haske, ƙyallin eyosin a ruwa ya sauka zuwa wajen kashi 20. Da ayodin abin ya fi muni.

Wani dangin rini kuwa, mai suna sayanin, tsawon sarƙa ke yi musu aiki: duk ƙarin kabon biyu a sarƙar da ke tsakanin naitirojin biyu yana tura launin kusan nanomita 100. A cikin dangin, Cy3 na fitarwa a 570, Cy5 mai sarƙar da ta fi tsawo a 670.

Tambaya: Akwai rini mai ƙyallin shuɗi da za a iya haɗawa ba tare da zafi mai yawa ba? *Daga wata malamar sakandare*

Amsa: Akwai, Malama, kuma sanyi ma yake so. Hanyar Pechmann ce, ta 1883. Narkar da giram 5.5 na resosinol cikin giram 6.5 na etil asito'asitet. Ɗiga wannan a hankali cikin mililita 50 na ɗanyen salfurik asid da ke zaune a ƙanƙara, kada zafi ya haura digiri 10, in ya haura asid ɗin zai far wa zoben, launi ya yi duhu, abin da za a samu ya ragu. A bar shi ya kwana, a juye kan niƙaƙƙiyar ƙanƙara ana motsawa, a tace, a wanke har asid ya fita, a sake kwantar da shi daga etanol. Za ki sami fararen allurai na 7-haidiroksi-4-metilkumarin masu narkewa a wajen digiri 185 zuwa 190. A ruwa mai ɗan alkali, ƙarƙashin fitilar ultirabayolet ta nanomita 365, yana ba da shuɗi a wajen 450. Juye asid ɗin aikin malami ne, ba na yara ba.

Tambaya: Ina liƙa FITC a jikin furotin garkuwa, amma ko dai bai kama ba, ko ya kama furotin ɗin ya daina aiki. *Daga wani mai aikin ɗakin gwajin asibiti*

Amsa: Malam, FITC fulorasin ne da aka sa wa hannun aisotayosayanet, wanda ke kama rukunin amino na laisin, ɗaya daga cikin tubalan furotin. Albert Coons ne ya buɗe wannan hanya ta yi wa furotin garkuwa alama a farkon shekarun 1940. In bai kama ba, fara da duba ruwan da furotin ke ciki. Tiris da gilaisin, sinadaran da akan sa a irin wannan ruwa, duk suna da amino, za su cinye rinin kafin ya isa ga furotin, sodiyam azayid ma yana hana aikin. A sauya ruwan zuwa kabonet mai mola 0.1 a pH 9 zuwa 9.5, domin ƙasa da haka laisin na riƙe da haidirojin, ba ya kamuwa. Furotin ya kai aƙalla miligiram 2 a mililita. Narkar da FITC a busasshen DMSO, ruwan sinadarin da ake narkar da shi a ciki, miligiram 1 a mililita, a lokacin da za ka yi aiki, domin danshi na kashe hannun. Zuba kaɗan-kaɗan, kimanin ƙwayar rini 10 zuwa 20 ga furotin ɗaya, a duhu, awa ɗaya zuwa biyu a zafin ɗaki ko kwana ɗaya a digiri 4. Raba ragowar rinin da Sephadex G-25, matatar da ke raba ƙwayoyi bisa girmansu, furotin ne zai fara fitowa.

Matsalarka ta biyu yawan rini ce. Auna shan haske a nanomita 280 (na furotin) da 495 (na rinin), kana tuna cewa rinin kansa na ƙara wa 280 kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da ya sha a 495, sai ka cire wannan kafin lissafi. Rini 3 zuwa 5 a kan furotin ɗaya shi ne daidai. In ya haura 6 ko 7, rinin na kashe ƙyallin junansu, suna toshe wurin da furotin ke kama abin da yake nema, wani lokaci ma furotin ya dunƙule ya kwanta.

Tambaya: Zan iya zuba garin rodamin a fenti in sami fenti mai ƙyalli? *Daga wani mai zane*

Amsa: Ba zai yi ba, ɗan'uwa, domin a gari ƙwayoyin na kwance kan juna. Masana'antu, tun daga aikin 'yan'uwan nan Bob da Joseph Switzer da suka kafa DayGlo a Amurka, narkar da rinin suke yi kashi kaɗan cikin ɗari a cikin gam mai tauri, wanda ake haɗawa daga melamin da toluwinsalfonamayid da fomaldihayid. Gam ɗin ya daskare kamar gilashi, kowace ƙwayar rini a ware kuma a ɗaure, sannan a niƙa shi ya zama garin da ake zubawa a fenti. Ka sayi irin wannan garin da aka gama, ka shafa a kan farin shafe domin hasken da ya ratsa ya dawo, kada kuma ka gauraya shi da farin fenti, zai dushe. In aikin waje ne, ka rufe shi da banish mai tare ultirabayolet, ka kuma sanar da mai aikin cewa rana za ta cinye launin da wuri fiye da fenti na yau da kullum.